Sauya Kamannin Imoji a Wayar Hannu: Abin da ke Tafiya da Saƙo da Abin da ke Tsayawa a Waya

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan magana tana nan daram muddin masu zance suna kallon juna. Amma da zarar zance ya koma rubutu, sai fuska ta ɓace, murya ta ɓace, a bar mai karatu yana laluben ko da wasa aka yi maganar ko da gaske. Ƙananan hotunan nan da ake kira imoji, waɗanda ake cusawa cikin saƙon waya, sun samu karɓuwa ne domin suna mayar wa rubutu kaɗan daga abin da ya rasa na fuska da hannu.

Abin bai tsaya a birane ba. Mu ɗauki gari kamar Lajawa, cikin ƙaramar hukumar Wudil ta Jihar Kano. A ce wani saurayi a can yana riƙe da Tecno, abokinsa kuwa, ɗalibi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, yana riƙe da iPhone. Ran nan suka jera wayoyinsu, sai saurayin ya ga fuskar dariyar da ya aika ta fito da wata kama dabam a wayar abokinsa, har ta fi tasa kyau a idonsa. Sai ya ɗauki wayarsa ya kai wa mai gyara, ya ce a sa masa irin ta iPhone, da nufin duk wanda ya aika wa saƙo ya riƙa ganin wannan sabuwar kama. Mai gyara zai iya karɓar kuɗinsa, kuma mai yiwuwa ne wayar ta sauya. Sai dai buƙatar da ta kai shi ba za ta biya ba.

Makasudin wannan takarda shi ne bayyana dalilin haka. Za mu nuna cewa imoji harafi ne, kuma kowane harafi a cikin na'ura yana da abu biyu: lambarsa da zubinsa. Daga nan za mu kasa hanyoyin sauya kamannin imoji gida uku, mu duba illar bambancin kama ga ma'anar saƙo, sa'an nan mu ga abin da wannan ya shafi rubutun Hausa, na boko da na ajami.

2.0 Asalin Imoji

Kalmar ta Japananci ce, haɗin kalmomi biyu: "e", watau hoto, da "moji", watau harafi. Tun daga sunan ke nan an san abin da ake nufi, harafi mai siffar hoto. Kamfanonin waya na ƙasar Japan suka fara shi a ƙarshen ƙarni na ashirin. Wanda ya fi shahara cikin na farko shi ne jerin hotuna 176 da Shigetaka Kurita ya tsara wa kamfanin NTT DoCoMo a shekarar 1999, kowanne a cikin ɗan murabba'i mai ɗigo 12 a tsaye da 12 a kwance.

Wahalar da aka fara cin karo da ita ita ce kowane kamfani da nasa jerin, da nasa lambobin. Wanda ya aika hoto daga wayar wani kamfani zuwa ta wani, sau da yawa wani abu dabam ke fitowa, ko kuwa shirme. Maganin wannan ya zo ne daga ƙungiyar Unicode, wadda aka kafa a Kalifoniya ta Amurka a 1991 domin ta ba kowane harafi na kowane irin rubutu a duniya lamba guda tasa ta kansa. A watan Oktoba na 2010, cikin bugu na 6.0 na ƙa'idarta, ƙungiyar ta shigar da ɗaruruwan imoji a jerin haruffanta. Kamfanin Apple ya buɗe wa masu iPhone na duniya allon imoji a 2011, Android kuma ta kawo masu launi a 2013. Zuwa 2024 yawansu ya haura 3,700.

3.0 Lamba da Zubi

A nan ne gundarin maganar yake. Na'ura ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Babban "A" na boko lambarsa U+0041. Harafinmu "ƙ" lambarsa U+0199. Fuskar nan mai dariya har da hawaye lambarta U+1F602. Sa'ad da mutum ya aika saƙo, lambobin ne ke bin iska su tafi. Idan sun isa, wayar mai karɓa ta buɗe wani kundi da ke cikinta, inda aka zana siffar kowace lamba, ta ɗauko siffar ta nuna. Wannan kundi shi za mu kira zubin rubutu, ko zubi a taƙaice.

Ƙungiyar Unicode tana ba da lamba da suna da ɗan misali, amma zanen kansa ta bar wa kamfanoni. Don haka Apple na da zubinsa, Apple Color Emoji. Google na da Noto Color Emoji, wanda yawancin wayoyin Android ke amfani da shi. Samsung na da nasa. Microsoft na da Segoe UI Emoji. Lamba ɗaya, masu zane huɗu.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi makarantar allo. Aya guda ce alaramma zai rubuta da zubin Kano, mai kauri da gajerun haƙora, kuma a same ta cikin bugun Masar da siririn zubi na gabas. Har ma bambancin yakan kai ga ɗigo. A rubutunmu na Warshu, harafin "fa" ɗigonsa guda a ƙasa yake, "ƙaf" kuma ɗigonsa guda a sama. A rubutun gabas kuwa "fa" ce mai ɗigo guda a sama, "ƙaf" na da biyu. Saboda haka wanda ya saba da na gabas, in aka miƙa masa namu ba tare da bayani ba, zai karanta "ƙaf" ɗinmu a matsayin "fa". Ashe bambancin zubi, in ya yi nisa, yakan taɓa karatu. Za mu ga haka ma yake a imoji.

Idan kuwa lamba ta iso wayar da kundinta ba shi da siffar wannan lamba, sai ta nuna wani ɗan akwati fanko. Masu sana'ar na kiran wannan akwati "tofu", watau awara, saboda kamarsa da yankan awara. Sunan Noto ma an yanko shi ne daga maganar Ingilishi mai nufin "ba sauran awara".

4.0 Hanyoyin Sauya Kama

4.1 Sauyin da ke tafiya da saƙo

Hanya ta farko ita ce sauya lambar da aka aika. Misalin da kowa ya fi sani shi ne launin fata. Da farko hannaye da mutanen imoji farare ne a wasu wayoyi, a wasu kuma rawaya, aka yi ta ƙorafi cewa akasarin mutanen duniya ba su ga kansu a ciki ba. A 2015, cikin bugu na 8.0, Unicode ta ƙara lambobi biyar na launi, daga U+1F3FB zuwa U+1F3FF. An aro su ne daga ma'aunin da likitan fata Thomas Fitzpatrick ya tsara a 1975, mai hawa shida, aka haɗe biyun farko suka zama ɗaya. Rawaya kuma aka bar ta a matsayin launin da ba na kowa ba.

Yadda ake yi ba wuya. Mutum ya ɗora yatsa kan hoton hannu ko na mutum a allon rubutu, ya riƙe ɗan lokaci, sai launuka su bayyana ya zaɓa. Yawancin alluna sukan riƙe zaɓin har zuwa wani karo. Abin da ke faruwa a ɓoye shi ne wayar na aika lambobi biyu a jere, ta hannu da ta launi, wayar mai karɓa ta narkar da su su zama hoto ɗaya. In tsohuwa ce wadda ba ta san wannan haɗi ba, sai ta nuna hannu rawaya, da ɗan murabba'i mai launi a gefensa.

Akwai kuma wata lamba da ba a ganinta, U+200D, wadda aikinta ɗinke hotuna. Manomiya, alal misali, mace ce da zangarniyar shinkafa aka ɗinke da wannan zare. A tsohuwar waya ɗinkin yakan warware, a ga mace dabam, shinkafa dabam. Tutoci ma haɗi ne. Tutar Nijeriya wasu haruffa ne na musamman guda biyu, N da G. Ta Nijar N da E. Shi ya sa a wasu kwamfutoci, maimakon kore-fari-kore, haruffan biyu kaɗai ake gani.

Duk waɗannan sauye-sauye suna isa ga mai karɓa, domin cikin saƙon suke.

4.2 Sauyin da ke tsayawa a waya

Hanya ta biyu ita ce sauya zubi, kuma ita ce saurayinmu na Lajawa ya nema. A wayar Android, zubin imoji ɗan fayil ne da ke kwance cikin kayan tsarin wayar, inda kamfani ya kulle. Wasu wayoyi suna ba da damar sauya zubin rubutu ta wurin kayan adon fuskar waya, kuma akwai manhajojin da ke bi ta wannan ƙofa su shigar da zanen wani kamfani. Inda babu ƙofar, sai an fasa kullen, abin da masu gyara ke kira "rut". Ita kuwa iPhone ba ta yarda da sauya zubin imoji ba.

Ya kamata mai son wannan hanya ya san abu huɗu. Na ɗaya, sauyin a idonsa kaɗai yake. Lambar da ke fita daga wayarsa ba ta sauya ba, saboda haka mai karɓa zai ci gaba da ganin zanen tasa wayar. Na biyu, wasu manhajoji suna tafe da nasu zubin, ba ruwansu da na waya. WhatsApp, wanda a nan ƙasar ya fi kowanne ɗaukar saƙo, ya fito da nasa zanen a 2017, kuma shi yake nunawa a Android; Facebook ma na da nasa. Na uku, fasa kulle yakan soke garantin waya, kuma manhajojin banki da yawa sukan ƙi aiki a wayar da aka fasa, wanda ba ƙaramar asara ba ce ga mai karɓar kuɗin ciniki ta waya. Na huɗu, fayil ɗin da aka ɗauko daga inda ba a sani ba yana iya shigowa da ɓarna, ko kuwa ya zama tsoho, ya rasa sababbin lambobi, awara ta cika saƙo.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne zaton cewa sauya allon rubutu sauya zubi ne. Allo hannu ne mai miƙa lamba. Ko da ya nuna wani zane dabam a jikinsa, da an danna, abin da zai sauka cikin saƙo zanen wayar ne ko na manhajar.

Sauyin zubi mai amfani, wanda ba shi da haɗari, shi ne sabunta waya da manhajojinta a kan kari, domin da sabuntawa ne sababbin siffofi ke shigowa.

4.3 Hoto a rigar harafi

Hanya ta uku ita ce barin harafi gaba ɗaya a koma ga hoto. Nan ne sitika ta shigo, wadda WhatsApp ya kawo a 2018. A wannan shekara ce kuma Apple ya fito da Memoji, Samsung ya fito da AR Emoji, inda mutum ke ƙera fuska mai kama da tasa. A 2020 allon Gboard na Google ya kawo Emoji Kitchen, mai gauraya imoji biyu su ba da sabon zane. Waɗannan duka ba su da lamba a Unicode. Zanen kansa ne ke tafiya, don haka abin da aka aika shi ake gani. Kuɗin wannan tabbaci shi ne hoto ya fi harafi cin data, ba ya shiga saƙon tes na yau da kullum, kuma sau da yawa ba ya zama a tsakiyar jimla.

5.0 Kama da Ma'ana

Mai yiwuwa wani ya ce duk wannan ado ne, ba ya rage kome cikin magana. Akwai hujjar da ta nuna akasin haka. A 2016 Hannah Miller da abokan aikinta na Jami'ar Minesota a Amurka suka nuna wa mutane zanen imoji na kamfanoni biyar, suka tambaye su abin da suka fahimta. Fuskar nan mai lamba U+1F601, wadda haƙoranta ke waje, ta raba kan masu amsa: a zanen Google na lokacin sun ga fara'a, a zanen Apple kuwa da yawa sun ga yaƙe. Yaƙe da murmushi kuwa duk buɗe baki ne, amma Bahaushe ya san ba ɗaya ba ne.

Misali na biyu ya fi tsanani. A 2016 Apple ya mai da zanen bindiga ya zama bindigar ruwa ta wasan yara, alhali sauran kamfanoni suna nuna bindigar gaske. Sai a 2018 manyansu suka bi sahu. A tsakanin nan, wanda ya aika barkwanci daga iPhone yana iya zama mai barazana a wayar wani, ba da saninsa ba.

Bayan bambancin zane akwai na al'ada, wanda babu zubin da zai gyara shi. A ce yaya yana gida a Lajawa, ya aiki ƙanensa kasuwar Wudil ran Juma'a, ya rubuto yana tambaya, "Kai, nawa ka samu?" Ƙanen, don gaggawa, ya aika tafin hannu mai warwatsattsun yatsu, lamba U+1F590, yana nufin, "Biyar, Yaya." A wasu ƙasashe wannan gaisuwa ce ko ƙidaya. A ƙasar Hausa kuwa tafin da aka ware yatsunsa aka nufi mutum da shi daƙuwa ce, kuma in an sa masa launin fatarmu sai ya ƙara kama da hannun gaske. Haka nan dunƙulallen hannu da aka ɗaga, wanda Turawa ke karantawa a matsayin alamar gwagwarmaya, Bahaushe zai iya ganinsa jinjina. Tafuka biyu da aka haɗe, lamba U+1F64F, roƙo ne ko godiya a Japan, gaisuwa a Indiya, addu'a ga Kirista. Musulmi kuwa buɗe tafukansa yake in zai yi addu'a, kuma sai a 2017 aka sami hoton hakan, U+1F932.

6.0 Abin da ya Shafi Rubutun Hausa

Wannan bambanci na lamba da zubi ya taɓa mu a wurin da ya fi imoji muhimmanci. Kafin a tsai da haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930, masu rubuta Hausar boko sun yi ta dabaru, wasu da ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu da waƙafi a gefensa. Bayan an tsai da su ma, yawancin tafureta ba su da su, sai magatakarda ya bi da alƙalami yana ƙara ƙugiya. Yau ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, manya da ƙanana, kowanne na da lambarsa, kuma alluna irin su Gboard suna ɗauke da Hausa. Lanƙwasa ba ado ce ta zubi ba. Harafi ne dabam mai lamba dabam, wanda ke raba ƙasa da kasa, faɗa da fada, baƙi da baki. Sauyi ne irin na kashi na farko, mai tafiya da saƙo. Amma kuma duk wanda ya sa wa wayarsa zubin ado da aka zana a inda ba a san Hausa ba, zai iya tarar da waɗannan haruffa sun fito da wata kama dabam da sauran, ko sun zama awara.

Ajami ma haka. A 2016 Unicode ta ware lambobi ga "fa" da "ƙaf" da "nun" na rubutun Afirka, domin kada su dogara ga sa'ar zubi. Ƙungiyar SIL kuma ta ƙera zubin Harmattan don rubutun Afirka ta Yamma, da zubin Alkalami wanda aka kwaikwayo daga hannun marubutan Kano. Sai lamba da zubi sun haɗu kafin rubutu ya tsaya da ƙafarsa a na'ura.

Game da imoji kuwa, ƙofar Unicode a buɗe take ga duk mai shawara, muddin ya kawo hujjar cewa jama'a za su yi amfani da abin. Masallaci da Ka'aba da carbi sun shiga a 2015. Mace mai ɗankwali ta shiga a 2017 ne bisa shawarar Rayouf Alhumedhi, yarinya 'yar Saudiyya mai shekara 15 da ke zaune a Jamus. Bukka da doguwar ganga sun shiga a 2020. Amma babu goro, babu ƙwarya. Wani matashi ɗan Kodebuwa, O'Plérou Grebet, bai jira ba: a 2018 ya zana hotuna 365 na abinci da sutura da al'adun Afirka, ɗaya kowace rana, aka rarraba su a matsayin sitika. Hanyoyin biyu duk suna gabanmu, ta lamba mai ɗorewa amma mai jinkiri, da ta hoto mai sauri.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa sauya kamannin imoji iri uku ne. Sauya lamba, kamar zaɓen launin fata, yana isa ga mai karɓa. Sauya zubi yana tsayawa a wayar mai shi, kuma yana iya jawo masa asara. Aika hoto yana tabbatar da kama, amma ya fita daga sahun haruffa. Saurayin Lajawa, da ya san haka, da ya riƙe kuɗinsa ya yi amfani da sitika.

Shawarwarina ga wannan taro uku ne. Na farko, malaman Hausa su shigar da bambancin lamba da zubi cikin darasin ƙa'idojin rubutu, tare da koya wa ɗalibai fitar da haruffa masu lanƙwasa a wayoyinsu, tun da a waya yawancinsu ke rubutu. Na biyu, masu nazarin harshe su tattara yadda Hausawa ke fassara imoji, musamman na hannu, su gwada shi da ishararmu ta gargajiya, kamar jinjina da daƙuwa da tagumi. Na uku, sassan Hausa na jami'o'inmu su haɗa kai da masu ilmin kwamfuta da masu zane, su shirya shawara ɗaya mai ƙwaƙƙwarar hujja su miƙa wa Unicode. A ganina da goro ya kamata a fara, domin shi ne abin da biki da suna da gaisuwar manya ba sa yiwuwa sai da shi, daga Kano har Kumasi.